Kuɗin karatun hutu: da kaka ake tara shi, ba da damina ba

A ƙasar Nijar makarantun firamare suna rufewa a ƙarshen watan Yuni, ba su sake buɗewa sai farkon Oktoba. Wata uku ke nan cur, kuma a wurare da yawa hutun ya fi haka tsawo. A ƙauyuka aji yakan watse tun ranar da ruwan shuka ya sauka, azuzuwan zana kuwa ba a sake kafa su sai an yanke gero an samu kara. A shekarar 2024 ma gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, domin ambaliya ta rushe azuzuwa, waɗanda suka tsira kuma sun zama mafakar mutanen da ruwa ya raba da gidajensu.

Wannan bayani an yi shi ne domin kwamitocin makarantu, ƙungiyoyin iyaye, ƙungiyoyin mata da masu gari waɗanda suke son shirya wa yara karatu da wasanni a cikin wannan dogon hutu, amma ba su da mai ba su kuɗi daga waje.

Abin da yaro yake rasawa a cikin hutu

Yaron da ya riga ya iya karatu ba ya mance shi a wata uku. Wanda hutu yake cutarwa shi ne na ajin CI, CP ko CE1, wanda ya bar aji yana haɗa haruffa da ƙyar. A gidansu babu littafi, kuma Faransancin da ake koyar da shi a aji ba ya jin sa a bakin kowa har ranar komawa. Malaman ƙananan azuzuwa sun san cewa makonnin farko na sabuwar shekara a maimaita darasin bara suke ƙarewa. Kuma irin waɗannan yara su ne suka fi yawa. Binciken PASEC na shekarar 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ɗaliban da suka kai ƙarshen firamare da isasshen karatu ba su kai 10 cikin 100 ba. A binciken 2019 adadin ya hau zuwa wajen 30 cikin 100. An ci gaba, amma a wannan awo yara bakwai cikin goma suna barin firamare ba su fahimtar abin da suke karantawa yadda ya kamata.

Ba karatu kaɗai ne abin dubawa ba. Damina ita ce lokacin da tafkuna da kududdufai suke cika, kuma yaron da ba shi da wurin zuwa da rana can yake nufa. A nan ake nutsewa, a nan kuma ake ɗaukar tsargiya. Ga ƴan mata haɗarin wani iri ne: hutu lokaci ne na talla tun safe har dare, kuma sau da yawa a cikinsa ake yanke maganar aure. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 an aurar da su kafin su cika shekara 18. Dokar da gwamnati ta fitar a watan Disamba 2017 ta tanadi kare yarinyar da take makaranta, amma doka ba ta ganin yarinyar da ta ɓace a watan Agusta. Mai ganin ta shi ne wanda yake kiran suna sau huɗu a mako.

An riga an gwada, kuma an ga amfaninsa. A ƙasar Indiya, ƙungiyar Pratham ta shirya karatun hutu na wata ɗaya a jihar Bihar a shekarar 2008, aka auna yaran kafin farawa da bayan gamawa, aka ga waɗanda suka halarta sun ƙaru a karatu. Sirrin abin shi ne an raba yara bisa ga abin da suka iya, ba bisa ga ajinsu ba: masu haruffa gefe guda, masu kalmomi gefe guda, masu karanta jimla gefe guda. A Nijar kuma shirin "Makaranta don kowa", wanda ma'aikatar ilimi ta fara tare da hukumar JICA ta Japan a jihar Tawa a shekarar 2004, ya bi irin wannan hanya daga baya, da darussan ƙari a wajen lokacin aji waɗanda mutanen gari suke jagoranta. Wato dabarar ba baƙuwa ba ce. Abin da yake kayar da ita kusan kullum shi ne kuɗi, ko kuma a ce lokacin da ake neman kuɗin.

Kuskuren da aka fi yi

Yawancin kwamitoci sai an rufe makaranta suke tunawa da karatun hutu. Sai a kira taro a watan Yuli a ce kowane gida ya kawo dala ɗari ko ɗari biyu. A wannan wata rumbu ya kusa ƙarewa ko ya ƙare, tsabar hatsi ta yi tsada a kasuwa, ɗan abin da yake hannun magidanci ya tafi ga iri, taki da ƴan ƙwadago, kuma zazzaɓin cizon sauro ya fara kwantar da yara. Mutumin da yake auna tiyar da zai ci gobe ba zai ba da kuɗin alli ba, kuma ba rashin son ilimi ne ya hana shi ba. Idan aka matsa, abu biyu ne yake faruwa: ko shirin ya mutu tun bai fara ba, ko ya zama na ƴaƴan masu hali kaɗai, alhali ƴaƴan marasa hali ne suka fi bukatarsa.

Gidan da ya kasa ba da dala ɗari a Yuli, a watan Nuwamba yana iya ba da tiya biyu ta gero ba tare da ya ji a jikinsa ba. Saboda haka shirin hutun baɗi da kakar bana ake fara shi, wata takwas ko tara kafin ranar da yara za su zauna a kan tabarma. Wannan ya yi daidai da tsarin aikin kwamitocin makarantu. An kafa su da sunan COGES, aka yaɗa su a duk faɗin ƙasa, daga baya aka sake musu suna CGDES. A farkon kowace shekarar karatu kwamiti yana kiran babban taron gari, a tattauna matsalolin makaranta, a rubuta tsarin ayyukan shekara da abin da kowane aiki zai ci. A wannan taro ya kamata a sa karatun hutu a cikin tsarin, a layi ɗaya da kafa azuzuwan zana da gyaran tebura. Abin da ba a rubuta a Oktoba ba, da wuya a samu kuɗinsa a Yuli.

Tiya, gayya da asusu

Hanya mafi sauƙi ita ce karɓar hatsi. Taro ya yanke yawan tiyar da kowane gida zai kawo, a auna a gaban jama'a, a ɗinke buhu, a ajiye. Gara a yanke bisa gida, ba bisa yawan ƴaƴan da suke makaranta ba, domin idan aka bi yawan ƴaƴa, wanda ya sa yara biyar a makaranta shi za a hukunta, wanda ya hana nasa zuwa kuma ya tsira. Gidan da bai samu amfanin gona ba, ko na gwauruwa mai marayu, taro yana iya ɗauke masa, kuma ƴaƴansa su shiga kamar kowa. A kuma bayyana wa mutane sarai cewa wannan gudummawa ba zakka ba ce. Zakka tana da waɗanda shari'a ta ambata, kuma haɗa su biyun yana jawo gardamar da za ta ɓata taro.

Ajiyar hatsi tana da riba ta biyu. A yawancin shekaru farashin gero da wake yana hawa tsakanin kaka da faɗuwar damina, kuma a kan wannan bambanci bankunan hatsi na ƙauyuka suke tsaye. Amma kada kwamiti ya gina lissafinsa a kan tsadar da bai gani ba tukuna. Akwai shekarun da farashi yake tsayawa wuri ɗaya, musamman idan damina ta yi kyau ko gwamnati ta fitar da hatsi a farashi mai rahusa. A yi lissafi da farashin kaka. Abin da ya hau, ƙari ne. Wake ya fi gero kawo riba, amma ƙwaro yana gama shi a cikin ƴan watanni idan ba a zuba shi a buhu mai ruɓi uku ba, wanda ake kira PICS, a ɗaure kowane ruɓi dabam.

Gonar gayya hanya ce ta biyu, kuma tsofaffi sun san ta tun zamanin samariya. Mai gari ko wani mai fili ya ba da aro, matasa su nome ta rana ɗaya a mako, amfanin ya shiga rumbun makaranta. Tana da kyau a garin da kan matasa yake haɗe. Inda ba haka ba, gonar kowa takan zama gonar da ba ta da mai ita, ciyawa ta cinye ta. Abu ɗaya ne ba a yarda da shi ba: a mai da ɗalibai ƴan ƙwadagon gonar da aka ce domin su aka yi ta.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, sun fi kowa sanin yadda ake tara ƙaramin kuɗi ya zama babba. Suna zubi kowane mako, suna ba juna bashi, suna rabawa a ƙarshen zagaye, kuma da yawansu suna da ƙaramin asusu na taimakon juna. Ana iya roƙon su su ware wani abu ranar rabo, ko su ɗauki nauyin abu guda sananne, kamar sabulu ko damun kunu. Sai dai a yi hattara. Kuɗin nan guminsu ne, kuma an sha ganin maza sun yanke shawara a dandali sun aika wa mata da lissafi. Idan mata za su zuba, to su zauna a inda ake yanke yadda za a kashe, ta hanyar ƙungiyar iyaye mata ta makaranta.

Sai ƴan gari mazauna waje: masu ci-rani a Najeriya, Libiya, Aljeriya ko Abijan, da ma'aikata da ƴan kasuwa mazauna Yamai. Waɗannan sun fi saurin ba da hannu idan aka nemi abu mai suna da farashi, misali ƙwallo biyu da littattafan karatu talatin, fiye da idan aka ce musu kawai a taimaki makaranta. Ofishin ƙaramar hukuma ma ana iya kai masa takarda, amma shi ma a ƙarshen shekara yake tsara kasafin shekara mai zuwa. Takardar da ta isa a watan Yuni ta makara.

Misalin lissafi

Alƙaluman da suke biye misali ne kawai, kowane gari ya sa nasa. A ɗauka gari yana da gida 120, kowane gida ya kawo tiya 2. An samu tiya 240, wato buhu 6, tunda tiya 40 ce buhu mai kilo 100. A ɗauka yara 80 za su zo, kwana 4 a mako, har mako 6. Zama 24 ke nan.

A ware buhu 2 domin kunu. Kilo 200 idan aka raba wa yara 80 a zama 24, kowane yaro yana samun wajen giram 100 a rana. Ba abinci ne mai ƙosarwa ba, amma a watan Agusta, lokacin da makarantu masu ciyarwa ma sun rufe tukunyarsu, wannan kofin kunu shi ne yake sa uwa ta saki yaro ya zo, shi ne kuma yake sa yaron ya iya sauraro. Kwamitin da ya ga kuɗi ba za su isa ba, gara ya rage mako ɗaya da ya soke kunu.

Sauran buhu 4, idan an sayar da kowane a kan jika 25, an samu jika 100. Masu koyarwa uku, kowane a ba shi jika 20 na goro, jika 60 ke nan. Alli, takardu da fensir jika 20. Ƙwallo da igiya jika 10. Sabulu da sukari jika 10. Ba a bar ko dala ba, kuma wannan aibi ne: ya kamata gudummawar ƴan ci-rani ko ta mata ta zama ajiyar ko-ta-kwana, saboda ranar da yaro zai ji ciwo a wajen wasa a kai shi gidan likita.

Ladan masu koyarwa shi ne ya fi cin kuɗi, kuma a kansa aka fi samun saɓani. Malaman makaranta da yawa ba ƴan garin ba ne, suna tafiya gida da hutu. Waɗanda suke nan su ne ɗaliban kwaleji da lise da suka dawo hutu, da masu koyar da yaƙi da jahilci, da malaman da suka yi ritaya. Su ma suna da gonar da za su noma, saboda haka kada a ce su yi don Allah kawai. Aikin sa-kai na mako shida a tsakiyar damina ba ya kai ƙarshe. A yanke abin da za a ba su tun farko a gaban taro, a biya rabi a tsakiya, rabi a ƙarshe. Kafin darakta ya tafi hutu, ya zauna da su kwana biyu ko uku ya nuna musu yadda ake auna yaro da yadda ake raba rukuni.

Wannan horo ba ƙawa ba ne. A shekarar karatu ta 2007-2008 an yi wani gwaji a makarantu 1000 na jihohin Tawa da Damagaram, aka ba rabinsu tallafin kuɗi ta hannun kwamitocinsu. Iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, amma sakamakon yara a jarrabawar awo bai ƙaru ba. Kuɗin da ba a ɗaura shi a kan wani aikin koyo bayyananne ba, a gini da kaya yake ƙarewa.

Amana

Ba talauci ne yake kashe karo-karo a karo na biyu ba, zargi ne. Garin da aka tara hatsi bara ba a faɗa wa mutane inda ya shiga ba, bana ko tiya ɗaya ba za a samu ba. Mata Masu Dubara sun magance wannan da akwati mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa. A yi wa ɗakin ajiyar hatsi haka. Mai riƙe kuɗi ya zama dabam da mai rubutawa, kuma kada ɗayansu ya zama darakta ko mai gari, ba don ana tuhumar su ba, sai don mutane suna jin nauyin tambayar su. Ranar sayar da hatsi a tafi kasuwa mutum uku. Kada a ba kowa bashi daga cikin hatsin, ko da ya yi rantsuwa zai mayar da kaka. Da zarar an buɗe wa mutum ɗaya, ba a iya hana na biyu, kuma watan Yuni kowa mabukaci ne. Lissafi kuma a karanta shi da Hausa, da dala da jika, a dandali, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya ba da tiyarsa.

Lokaci, wuri da wasa

Shirin da ya yi karo da gona ba zai yi nasara ba. A bari a gama shuka da noman farko, a fara wajen ƙarshen Yuli, a gama kafin girbi. Awa biyu zuwa uku sun isa. A zauna da malaman makarantar allo a daidaita lokaci, kada a sa iyaye zaɓi tsakanin karatu biyu. A bar ranar kasuwa da ranar Juma'a. Yaran da suke kiwo ana iya yi musu rukunin yamma.

Idan makaranta tana da ajin siminti, a nemi izinin darakta da na sufeto a yi amfani da shi. Idan rumfa za a kafa, kada a dafa kunu kusa da ita, kuma a bar mata ƙofa biyu. Gobarar azuzuwan zana ta kashe yara 20 a Yamai a watan Afrilu 2021, ta kashe fiye da 20 a Maraɗi a watan Nuwamba na wannan shekara.

Rabin lokaci karatu, rabi wasa. Iyaye wasu za su ce ba su ba da geronsu don a yi wasa ba, sai a yi musu bayani cewa wasan ne yake kawo yaro gobe, kuma yawancinsa ba ya cin ko dala. Langa, kokawa, dara, carafke, gaɗa, tatsuniya da kacici-kacici duk suna nan a gari, akwai kuma tsofaffin da za su ji daɗi a kira su su koyar. Dara da carafke lissafi ne. Tatsuniyar da tsohuwa ta faɗa, mai koyarwa yana iya rubuta ta a allo da Hausa, yara su karanta abin da suka riga suka sani da ka. Koyon karatu da harshen gida ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma yaron da ya gane yadda haruffa suke haɗuwa da Hausa ya fi saurin gane su da Faransanci. A lura kada ƙwallo ta cinye kuɗin wasa duka, ƴan mata su koma ƴan kallo.

A birane kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, darussan hutu na biya sun daɗe, malamai ne suke shirya su, kowane yaro da kuɗinsa. A nan ba rumbu, saboda haka kwamitin unguwa yana iya karɓar ƙaramin zubi kowane wata tun daga Oktoba, ya yi ciniki da masu darussan a kan kujeru goma ko ashirin na yaran da iyayensu ba su iya biya. Darakta da malaman aji ne za su fitar da sunayen, bisa ga awon karatu, ba bisa ga sanayya ba.

A ranar farko a auna kowane yaro shi kaɗai: haruffa, kalmomi, jimla, ɗan gajeren labari, sannan tarawa da ɗebewa. A rubuta matakin da ya tsaya. A ranar ƙarshe a sake auna shi da irin wannan awo. Takardar nan a ba darakta kwafi ɗaya domin malaman da za su karɓi yaran, ɗaya kuma a ajiye ta tare da littafin kuɗi, a karanta su biyun a babban taron Oktoba kafin a yanke yawan tiyar da za a kawo da kakar bana.